Daga Rijau zuwa bakin teku: Abin dubawa kafin kama gidan hutu a Kwatano

Yaron da ya tashi a Rijau, ruwan da ya sani bai wuce na rafi da kududdufin damina ba, sai fa in an kai shi Yawuri ya ga Kogin Neja. Shi ya sa idan magidanci daga wannan yanki na masarautar Kontagora ya samu hali ya ce zai kai iyali hutun ƙarshen shekara, babu abin da yara ke ɗokin gani kamar teku. A ƙetare kuwa, wurin da ya fi sauƙin kaiwa shi ne Kwatano, cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin.

Tafiyar doguwa ce: Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan, Legas, Badagiri, sannan iyakar Seme. Mai tafiya da yara ya raba ta kwana biyu, kuma ya yi ta da rana. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zaman kwana 90. Amma a riƙe fasfo da katin rigakafin zazzaɓin shawara na kowa da kowa. Allurar sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta.

Tun daga 2016 da Patrice Talon ya hau mulki, gwamnatin Benin ta duƙufa wajen gyara gaɓar tekunta saboda masu yawon buɗe ido. Daga unguwar Fijirose akwai hanyar da ake kira Hanyar Masunta, wadda ta bi gefen teku cikin itatuwan kwakwa ta nufi Wida, tsohon garin cinikin bayi mai nisan kimanin kilomita 40, inda aka gina ƙofar tunawa da bayin da aka kwashe a 1995. Gidajen haya masu kayan ɗaki sun yawaita a wannan yanki, ana ba da su na kwana ko na mako. Ga iyalin Bahaushe sun fi otal daɗi: uwargida za ta yi girkinta, ta sake a cikin gida, yara su samu ɗakinsu.

Sai dai wurin da ke kan tasowa, hotonsa kan riga aikinsa kammala. A da, fatake idan sun isa Zango akwai fatoma mai saukar da su, wanda ya san gari kuma ya tsaya musu. Yau hoto a waya ya maye gurbinsa, shi kuwa hoto ba ya nuna ko famfo na kawo ruwa. Har gobe akwai Hausawa da yawa a unguwar Zangon Kwatano, inda babban masallaci yake kuma ake samun naman yankan Musulmi. Kafin a tura ko sefa ɗaya, a nemi wani amintacce a can ya je ya ga gidan da idonsa. Gani ya kori ji.

Me zai duba? Na farko ruwa. Rijiyar da ke kusa da teku takan yi zartsi, don haka a tambaya ko na famfon gwamnati ne, na sha kuma a sayi na roba ko a tafasa. Na biyu sauro. Kwatano gari ne mai laima da tafki, zazzaɓin cizon sauro ba ya ɗaukewa duk shekara. A duba ragar tagogi, a kuma tafi da gidan sauro daga gida, musamman in akwai mai juna biyu ko yaro ɗan ƙasa da shekara biyar. Na uku wuta: a ji ko kuɗinta na cikin haya, ko mai haya ne zai riƙa saka kati a mita. Kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, a sa a rubuce. In gidan bene ne, a duba tsayin shingen baranda. A kuma san asibiti da kantin magani mafi kusa tun ranar sauka.

Abu mafi muhimmanci shi ne tekun kansa. Gaɓar Benin ta yi suna wajen igiya mai ƙarfi da ruwa mai ja zuwa ciki, ko da samansa ya yi kamar a kwance. Iya iyo a rafin Rijau ba ya hana wannan ruwa tafiya da mutum, kuma ba ko'ina ake samun masu ceto ba. Gidan da ƙofarsa ke buɗewa kai tsaye kan rairayi ya fi kyau a hoto, amma ga mai ƙananan yara, wanda ke da katanga da ƙofa mai kulle, ɗan nesa da ruwa, shi ya fi. Yara su yi wasansu a kan rairayi, babba na tsaye kusa da su, idonsa a kansu ba a kan waya ba. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya nemi taimako, in ya iya iyo ya bi gefe har ya fita daga inda ruwan ke ja.

Disamba da Janairu sun fi dacewa da wannan tafiya, domin ruwan sama ya ɗauke, makarantu kuma suna hutu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.