Gida A Kan Dutsen Bagazam

Duk mai sha'awar dawaki a ƙasar Hausa ya ji labarin ɗan Bagazam, dokin nan da sarakuna ke alfahari da shi. Amma kaɗan ne suka san cewa Bagazam ɗin wani dutse ne a ƙasar Azbin, arewa maso gabas da Agadas, wanda ƙololuwarsa mai tsawon mita 2,022 ita ce wuri mafi bisa a Jamhuriyar Nijar. Samansa kuwa fili ne mai faɗi cike da baƙaƙen duwatsu, kuma a nan wasu Abzinawa suka kafa ƙauyukansu, inda shekaru aru-aru ba a isa sai da ƙafa ko da jaki.

Gida a can bukka ce ta tabarmin kaba, sai ɗan ɗakin dutse a gefenta. Bukkar kuwa ta mace ce, domin a al'adarsu da ita ake kai amarya, in aure ya mutu miji ne ke fita. Da asuba, musamman da hunturu lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi, uwargida za ta tatsi awaki, ta ware nonon cuku, sa'an nan ta shiga daka. Maigida yana lambu, inda sa ko raƙumi ke jan guga daga rijiya ana shayar da albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa. Wani kuwa ba ya ma gari. Tun watan Oktoba ya bi ayari ya ƙetare Tenere zuwa Bilma ɗaukar gishiri da dabino, daga nan ya gangara Damargu da Damagaram ya musanya su da gero, sai bayan watanni a gan shi.

To, a nan ne sha'anin baƙo yake da nauyi. Geron da za a dama masa ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan raƙumi, sukari da ganyen shayi kuma jaki ne ya hau da su dutse. Duk da haka ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai an shimfiɗa masa tabarma, an gaisa gaisuwa mai tsawo, an miƙa masa furarsu ta gero da dabino da cuku, an kuma dafa shayi har sau uku. Uwargida ta san yawan abin da ya rage mata kafin ayari ya dawo, amma ba za a gani a fuskarta ba. Ko a farin 1973 da na 1984, da dabbobi suka yi ta mutuwa, lissafin bai sake ba, tsananta ya yi.

Akwai zamanin da Turawa 'yan yawon buɗe ido ke hawowa da sanyi, suna biyan 'yan jagora da masu jakai, suna sayen kayan azurfa wurin maƙera. Tawayen 1990 ya tsai da su, suka komo bayan sulhun 1995, sai na 2007 ya sake korarsu. Da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, samari da yawa na Azbin suka nufi can, aka bar lambu da awaki hannun mata da tsofaffi, su ne kuma masu fita tarbar duk wanda aka hango yana hawowa.