Kilishin Mage a Manchester

Ranar da na fara ganin maƙwabciyata tana shafa abincin gwangwani a faranti da bayan cokali, tana ta lailaya shi har ya yi fale-fale, ba abin da ya faɗo mini a rai sai unguwar Agadasawa ta Kano. Watan Nuwamba ne a Manchester, ana yayyafi, ƙarfe huɗu da rabi na yamma amma gari ya riga ya yi duhu. Ni kuwa a idona ga mahautan nan na cikin birni sun baje jan nama a kan gadon kara, rana tana dukansa. Na ce mata: "Mama, ai kilishi kike yi." Ba ta san kalmar ba. Sai da na zauna na yi mata bayani.

Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Abokin zamanta muzuru ne mai shekara 11, wanda likitan dabbobi ya auna ya ce yana da ciwon suga. Sau biyu a rana ake yi masa allurar insulin a fatar ƙeya, safe da yamma, awa 12 tsakani. Yatsunta sun fara sanƙarewa saboda sanyin ƙashi, shi ya sa ta roƙe ni in riƙa shigowa ina taya ta, tunda ta san aikin jinya nake yi. Kafin allurar sai an ɗan soki gefen kunnensa an ɗigo jini an auna suga. Mage kuwa ba ta yarda da wannan a banza, sai da ɗan abin lasawa a matsayin tukwici. Matsalar ita ce yawancin 'yan ƙwayoyin lasawar da ake sayarwa a kanti da garin hatsi ake haɗa su, abin da likita ya hana shi ke nan. Ga shi kuma ya saba da abu mai ƙaras-ƙaras a baki tun yana ƙarami.

Dabararta mai sauƙi ce. Takan zaɓi abincin gwangwani irin niƙaƙƙen nan mai kauri, ba mai romo ba, domin romon sau da yawa da sitaci ake kaurara shi. Ta shimfiɗa takardar gashi a faranti, ta shafa shi siriri, ta tsattsaga da wuƙa gida-gida kamar girman ƙwayar gyaɗa, ta sa a oban da wuta can ƙasa, wajen digiri 90, ta ɗan bar ƙofar a buɗe don tururi ya fita. Bayan awa uku ko huɗu sai ya bushe ya yi ƙamas. Gidan kuma sai ya ɗauki ƙarni har labule. Abincin gwangwani kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, saboda haka gwangwani mai giram 85 yakan koma abin da bai fi giram 20 ba. A nan ne take taka-tsantsan: ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, cikakken gwangwani ne. Don haka takan cire shi daga rabon abincinsa na yini, ba ƙari ba ne. Tana zubawa a kwalba ta sa a firji, in ya kwana huɗu ko biyar ta zubar da saura, tunda babu sinadarin hana lalacewa a ciki.

Dalilin duk wannan wahala yana cikin halittar mage. Allah ya yi ta maciyiyar nama zalla, ba kamar kare ko ɗan Adam ba. Busasshen abincin da ake zubawa a buhu kuwa ba ya dunƙulewa sai da sitaci na masara, shinkafa, alkama ko dankali, kamar yadda fura ba ta curuwa sai da gari. Ka haɗa wannan da zaman ɗaki, da kwano a cike dare da rana, da fiɗiya, da tsufa, sai ƙiba ta shigo, ciwon suga ya biyo ta. Irinsa ne wanda yake kama manyanmu bayan sun manyanta, kuma ya fi kama muzurai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a mage, in an kama ciwon da wuri, aka rage sitaci, aka rage ƙiba, wasu sukan kai matsayin da za a daina yi musu allura gaba ɗaya.

Daren ranar da na ga kilishin nan na kira Umma a Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano. Na ba ta labari, ta yi shiru, sannan ta ce: "Mage kuma da ciwon suga? Ikon Allah." Na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi, domin ita ma da ciwon take fama shekara da shekaru. Gidanmu ba shi da nisa da Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, can take zuwa ganin likita. Insulin yana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wutar lantarki kuwa ba ta da tabbas, saboda haka in an kwana biyu babu wuta sai ta ƙulle kwalbar a leda ta jingina ta da randa, a kan jiƙaƙƙen yashi. Kowane wata sai mun yi lissafin kuɗin magani da na tsinken awo. Ga shi a nan muzuru yana da nasa gurbin a ƙofar firji. Na faɗa mata haka cikin ɓacin rai, ina jiran ta taya ni.

Ba ta taya ni ba. Cewa ta yi: "'Yar nan, kada ki ga laifin baiwar Allah. Wanda ya kulle dabba a ɗaki, ai cinta da shanta da lafiyarta sun hau kansa." Ta tuna mini da hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Maganar nan ta zauna mini, don ita ce ta nuna mini inda bambancin yake. A Ingila mage abin mallaka ce. Doka ta shekarar 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin lafiyarta, kuma tun 10 ga Yuni 2024 wajibi ne a dasa wa magen gida 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Wanda ba shi da hali akwai ƙungiyoyin agaji irin PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a Landan a 1917, masu duba dabbobin talakawa. A Kano kuwa, a yadda na tashi na gani, mage baƙuwa ce da ta zaɓi gida.

Tamu ta katanga ta diro wata damina, ta haihu a bayan buhunan masara a sito, shi ke nan ta zama 'yar gida. Ba wanda ya saye ta, ba wanda ya raɗa mata suna, "mus-mus" kawai ake cewa ta taho. Rabonta kan kifi, ƙashin kaza, ɗan tuwon da ya kwana, wani lokaci guntun nono. Sauran ita take nema wa kanta: ɓera, ƙadangare, fara, kyankyaso. Ka shiga kasuwar Tarauni da hantsi za ka gan su a gindin teburan mahauta suna jiran a yar da jijiya, ko a shagunan masu hatsi inda ake ganin darajarsu saboda ɓeraye. Duk siraran jiki, masu tsalle ɗaya su haye katanga. Ɓera kuwa nama ne da ruwa da ƙashi, kusan babu sitaci, wato ainihin abin da maƙwabciyata take kashe kuɗi da wuta tana neman kwaikwayo.

Amma ba zan yi wa kaina ƙarya in ce magen Kano ta fi jin daɗi ba. Da wuya ta kai shekarun da ciwon suga yake kamawa. Mota tana take su a titin Zariya da Court Road. Suna cin ɓeran da ya ci shinkafar ɓera su bi shi. Yara suna jifa, in ta haihu da yawa a zuba 'ya'yan a buhu a kai su nesa. In kuwa ta fara rama tana yawan shan ruwa, a gidanmu cewa ake yi ƙadangare ta ci, magana ta ƙare. Tausayi muna da shi, har malamanmu sun karantar da mu cewa sauran ruwan da mage ta sha mai tsarki ne. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne lura: a san nawa ta ci, nawa ta sha, yaushe tafiyarta ta canza.

Da maƙwabciyata ta ji labarin kilishi sai ta ce in samo mata ta gwada ba shi. Na ce a'a. Kilishinmu sai an tsoma shi a labu, ga tunkuza, ga yaji, ga gishiri da dunƙule, ga albasa, wasu har da tafarnuwa. Albasa da tafarnuwa guba ne ga mage, suna farfasa mata jajayen ƙwayoyin jini, ɗanye ne ko dafaffe ko gari. Wannan ya sa na tuna da miyar da muke kwarara wa tamu a kan tuwo, raina ya sosu. Rabin farko na aikin kilishi dai, wato yanka tsoka zalla fale-fale a shanya, shi ne daidai da buƙatar irin wannan mage, kuma a nan mun fi su kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da obanta yake yi a awa huɗu da kuɗin wuta, ranar Kano da iskar hunturu suna yinsa kyauta. Sai dai a rufe da raga saboda ƙuda, a kuma ƙarasa shi a kan wuta kamar yadda mahauta suke yi, domin rana kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da ya sa na ga maganar ta shafe mu shi ne zuwana gida bara. Ɗan yayata a Tarauni ya sayi mage mai dogon gashi irin ta Farisa da kuɗi masu kauri, ba ta taka ko tsakar gida saboda tsoron sata, ga buhun busasshen abinci daga wani babban kanti a Zoo Road, kwano a cike koyaushe. Shekararta uku, in ka ɗaga ta kamar ka ɗauki buhun gishiri. Mun ɗauko ɗaki da buhu daga Turai, ba mu ɗauko awo da firji da likita ba. Likitocin dabbobinmu sun iya aikinsu, ga ma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma hankalin jama'a yana kan shanu da raguna da kaji, mage ba ta cika zuwa layi ba. Na ce masa ya riƙa auna mata abinci, ya ƙara mata dafaffen nama da kifi marasa gishiri, ya ɗaura tsumma a zare ya sa ta gudu. In ya ga tana yawan sha da fitsari, tana ci amma tana ramewa, ko tana tafiya a kan dugadugan ƙafafun baya, ya kai ta a auna. Wadda kuma aka riga aka fara yi wa allura, ba a canza mata abinci sai da sanin likita, don suga yana iya faɗuwa warwas. Maƙwabciyata ma kullum da kwalbar zuma a kusa, in muzurun ya fara layi ta shafa masa a dasashi kafin ta kira asibiti.

A watan Maris likita ya rage wa muzurun allura. Da na faɗa wa Umma sai ta yi hamdala kamar wani nata ne ya samu sauƙi. Ta ce yanzu in za ta ba jikar magen nan tamu kan kifi, sai ta ɗauraye miyar tukuna.