Ɗiyar Fasto da Kwalbar Lemu

A wata majami'a da ke cikin birnin Maraɗi akwai ɗan ɗaki kusa da ofishin fasto wanda ake kira ɗakin karatu, ko da yake abin da ke ciki bai wuce kanta biyu da benci ɗaya ba. Akwai littattafan waƙoƙi da suka sha hannu, da tsofaffin mujallu, da wani kwali da wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta bari sa'ad da za ta koma ƙasarsu. Kwalin ya shekara biyu ba wanda ya taɓa shi, domin da Ingilishi aka rubuta abin da ke ciki, nan kuwa boko da Faransanci ake yin sa. Ɗiyar faston ce ta fara kwance igiyarsa, a shekarar da take ajin ƙarshe na lise, sashen adabi. Nufinta ta samu abin da zai ƙarfafa mata Ingilishi kafin jarrabawar bakaloriya. Sai hannunta ya faɗa kan wani ƙaramin littafi mai suna Burnt Orange, na wata marubuciyar Amurka, Melody Carlson, wanda ya fito a 2005.

Irin wannan littafi yana da kasuwarsa a Amurka. Kamfanonin ɗab'i na Kirista suna fitar da ƙagaggun labarai musamman don samari da ƴan mata masu shekara 13 zuwa 18, inda ake ɗauko matsala guda daga rayuwar ɗalibi a auna ta da ma'aunin bangaskiya. Littafin da ɗiyar fasto ta tsinta na biyar ne cikin jerin 12 da ake kira TrueColors, waɗanda kamfanin NavPress ya buga. Kowane ɗaya yana ɗauke da sunan wani launi da kuma wata damuwa: kaɗaici, kishi, rabuwar iyaye, son abin duniya, tunanin kashe kai. Wanda ya shiga hannunta, nasa rabon giya ce. Labarin wata yarinya ne, Amber, ƴar zumuntar matasan ikilisiya, wadda ta fara zuwa wuraren shagali tare da wata sabuwar ƙawa, Claire, wadda kowa a makaranta ke son a gan shi da ita. Tsofaffin ƙawayenta na majami'a kuwa suka sa ta gaba da faɗa da nasiha.

Don a gane nauyin maganar a can, ya kyautu a san ƙasar. Tun a 1854 wani marubuci, Timothy Shay Arthur, ya fitar da labarin da ke nuna yadda mashaya guda ta rusa gari, kuma ikilisiyoyi da yawa suka rungumi yaƙi da giya har aka haramta sayar da ita a ƙasar baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933. A 1980 wata uwa a Kalifoniya, wadda direba mai maye ya kashe mata ɗiya mai shekara 13, ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye. A 1984 aka yi dokar da ta matsa wa jihohi su mayar da shekarun sayen giya 21. Amma a jihohi da yawa yaro yana samun izinin tuƙi tun yana da shekara 16. Tsakanin 16 da 21 ɗin nan, ga mabuɗin mota a aljihu, ga kwalba a ɓoye, nan ne tsoron iyayen Amurka yake, kuma a nan ne marubutan suke kafa labaransu.

Ɗiyar fasto ba ta da mota, ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, kuma kowane shafi sai ta buɗe ƙamus sau goma. Duk da haka tun kafin ta kai rabin littafin ta daina karatun Ingilishi, ta koma karanta ƙawarta.

Ƙawar tata tare suka tashi. Tare suka yi makarantar Lahadi, tare suka ci jarrabawar shiga kwaleji, kuma ita ce ke ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'a, murya gare ta wadda ke sa tsofaffin zumuntar mata share hawaye da bakin zane. Ubanta ya rasu tana aji uku, uwarta na sayar da abinci kusa da tasha. A lise sai ta faɗa cikin wasu ɗalibai ƴaƴan masu hali, waɗanda ke haɗuwa a wani gida a bakin gari duk lokacin da aka gama jarrabawar zango. A can ake tsiyaya giya mai ƙarfi, irin ta leda mai arha, cikin kwalbar lemu, yadda ko an shigo ba wanda zai ce komai. Ɗiyar fasto ta fara jin warin ne wata safiyar Lahadi, a ƙarƙashin ƙamshin alewar na'ana'a, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa suna waƙa.

Daga ranar ta sa ta gaba. Ta kawo mata gargaɗin da ke cikin littafin Karin Magana, sura ta 20 da ta 23. Ta kawo mata wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa. Ita kuwa ƙawar ta mayar mata da labarin bikin Kana, tana dariya. Daga baya dariyar ta ƙare, ta ce: "Ke ɗiyar fasto ce, ko tsumma kika sa za a gaishe ki. Ni ɗiyar mai tuwo ce. Ki bar ni in zauna inda aka ba ni kujera."

Wannan magana ɗiyar fasto ba ta gane ta ba sai a cikin littafin. Marubuciyar ta sa labarin a bakin mai shan, yadda mai karatu zai zauna cikin kanta ya ji yadda take lallashin zuciyarta: kowa na yi, kurɓi ɗaya ne, duk ranar da na so zan bari. Ya kuma ji yadda nasihar ƙawaye take sauka a kunnenta kamar ƙarar guduma. Nan ɗiyar fasto ta ga kanta, kuma ba ta ji daɗin abin da ta gani ba. Ta gane cewa ƙawarta ba ɗanɗanon abin ke jan ta ba, tun da sau da yawa har amai yake sa ta. Wurin zama take saye da shi. Ta kuma gane cewa duk ayar da ta jefa mata tana ƙara tabbatar mata cewa a majami'a ita abar tuhuma ce, a gidan bakin gari kuwa abar maraba.

Akwai kuma wani nauyi da littafin Amurka bai san da shi ba. A Nijar Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ikilisiyoyin bishara na yankin nan, waɗanda suka samo tushe daga mishan ɗin SIM da ta sauka Damagaram a 1924 ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, sun gaji ƙin giya daga waɗanda suka kawo musu bishara, kuma suna riƙe da shi da ƙarfi. Amma a bakin wasu mutanen gari, da an ce Kirista sai a tuna da mashaya. Saboda haka idan yaron Musulmi ya sha, a ce ɗan wane ya lalace. Idan ɗiyar Kirista ta sha, a ce ai haka suke. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma yarinyar da ke ba da waƙa ran Lahadi ta san cewa sunan jama'a guda take ɗauke da shi a kanta. Ɗiyar fasto ma ta san abin da zai biyo baya idan maganar ta kai kunnen mahaifinta a matsayinsa na fasto: dattawa za su zauna, a sa ƙawarta a horo, a cire ta daga mawaƙa, ta koma bencin baya kowa yana kallo. Ta yi shiru, tsoro na cin ta ta fuska biyu.

Ana saura wata biyu jarrabawa, wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wayarta ta yi ƙara. Wata ƴar ajinsu ce, Musulma, wadda su uku suke zama benci ɗaya tun kwaleji. Ta ce: "Ƙawata, ki fito ƙofar gida ba tare da kin ta da kowa ba. Ga mu nan da yayana." Ashe an kira ta ne daga gidan bakin gari, domin lambarta ce ta ƙarshe a wayar mawaƙiyar. Waɗanda suka ba ta kujera sun watse da suka ga ta kasa tsayuwa, suka bar ta a jingine da bango a waje. Yayan ya ɗauko ta a babur, ƙanwarsa na riƙe da ita ta baya, ta lulluɓe ta da hijabinta don kada a gane fuskar.

Ba su kai ta gidan uwarta ba, ba su kuma kai ta gidan fasto ba. Gidan su Musulmar suka nufa. Uwar gidan ta fito da fitila, ta duba, ta shaƙi warin, ba ta tambayi komai ba. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta, ta kwantar da yarinyar a kan gefenta don kada amai ya shaƙe ta, ta zauna a kanta har asuba. Da gari ya waye ta dama kunu, ta ba ta, sa'an nan ta ce: "Ɗiyata, abin da ya faru a ɗakin nan ya mutu a ɗakin nan. Amma uwarki tana da hakki a kanki. Ni ba zan gaya mata ba, ke za ki gaya mata." Ta juya ga ɗiyar fasto ta ce: "Ke kuma ki raka ta. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa."

Suka tafi su biyu, ba mai ce wa wani uffan. Suka tarar da uwar tana hura wuta, idonta ja don ba ta runtsa ba. Ɗiyar fasto ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce: "Mama, ga ta, lafiya lau take. Tana da magana da ke." Ta koma gefe ta zauna a kan turmi, ba ta kawo aya ko ɗaya ba, ba ta kuma tashi ba har aka gama kukan. Abin da ta koya ke nan daga wata biyu na buɗe ƙamus.

A littattafan irin wannan, tuba takan zo da sauri a shafukan ƙarshe, bayan wani babban bala'i da ke buɗe wa kowa ido. Wannan shi ne rauninsu, kuma malamin adabi yana da hujja idan ya ce wa'azi yakan rinjayi labari a cikinsu. A Maraɗi abin bai tafi haka ba. Mawaƙiyar ta yi wata uku ba ta yi wa ɗiyar fasto magana ba, don ganin ta yana tuna mata da safiyar nan. Ta faɗi jarrabawa a shekarar. Uwarta da kanta ta je wurin matar fasto, aka yi maganar tsakanin mata, yarinyar ta janye daga mawaƙa da sunan karatu. Ta sake sha sau ɗaya ko biyu kafin ta bari. A shekara ta biyu ta ci jarrabawar. Zumuncin ya dawo a hankali, da tabonsa.

Abin lura ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu shi ne inda yarinyar nan ta samo taimako. Hausa ba ta rasa gargaɗi a kan giya ba. Mu'azu Haɗeja ya yi mata waƙa tun kafin ƴancin kai, liman yana faɗa ran Juma'a, fasto yana faɗa ran Lahadi, kuma duka suna kan gaskiya. Littattafan soyayya na Kano da ɗalibai ke ɓoyewa cikin kundi tun shekarun 1990 sun nuna cewa matasa na son karatu idan sun ga kansu a ciki. Amma a kantar ɗakin karatun nan, ɗiyar fasto ba ta samu labari ko ɗaya da Hausa wanda zai shigar da ita zuciyar yarinyar da ke riƙe da kwalbar lemu ba. Sai da ta bi ta Ingilishi, ta bi ta wata ƙasa mai motoci da dokokin da ba nata ba, kafin ta ji abin da ƙawarta ta gaya mata da harshen uwa. Gargaɗi yana gaya wa yaro inda ramin yake. Wanda ƙawarsa ta riga ta faɗa yana bukatar ya san yadda ake zama a bakin ramin har a fito da ita.

Labarin da ya kamata a rubuta a nan yana da abin da na Amurka ba shi da shi. Yana da babur da hijabin da aka rufa wa ɗiyar Kirista asiri da shi, da uwar da ta kwana zaune a kan ɗiyar da ba ta haifa ba, wadda ba su haɗa alƙibla ba. Ɗaliban da za su iya rubuta shi suna zaune a azuzuwan Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna jiran malamin da zai ba su jigon a darasin insha'i, da ƙungiyar da za ta sa gasa ta buga abin da ya fi kyau.

Littafin yana nan a kantar, an liƙe bayansa da salatif. A gefen shafukansa akwai fassarar kalmomi da fensir, wasu da Faransanci, wasu da Hausa. Daga wajen shafi na sittin fassarar ta ragu, sai layuka da aka ja a ƙarƙashin maganganun Amber. An ce daga baya mawaƙiyar ma ta are shi, ta riƙe shi wata guda, ta mayar ba ta ce komai ba.