Ajin Bayan Sallar Asham

A ƙarshen watan Maris na 2020 gwamnati ta rufe makarantu saboda annobar korona. Ni malamin lissafi ne a nan Bacirawa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, ɗalibaina kuwa 'yan aji shida ne masu jiran jarrabawar WAEC, wadda aka ɗage ba tare da sa rana ba. A tsakiyar Afrilu aka kulle Kano, ba a jima ba azumi ya kama.

Akwai darussa a rediyo, amma rediyo ba ya jin tambaya. Shi ya sa na buɗe mana zaure a WhatsApp. Yawancin yaran ba su da waya, sai ta uba ko ta yaya, ita ma ba ta shigowa hannunsu sai an idar da sallar asham. Nan muka tsayar da lokacin karatu.

Nakan rubuta lissafi a takarda, in haska da tocila, in ɗauki hoto in tura, sannan in bi shi da saƙon murya da Hausa. Bidiyo ba namu ba ne, data yake sha kamar ruwa. Wani lokaci sabis ya ɗauke ana tsakiyar bayani, wani kuma ya rubuto: “Malam, caji ya kusa ƙarewa, a yi mana sauri.”

Akwai wata yarinya da na koyar shekara biyu ban taɓa jin muryarta a aji ba. Wani dare sai ga saƙo daga lambar mahaifinta: “Allah gafarta Malam, me ya sa alamar ragewa take komawa tarawa idan lamba ta tsallake?” Kafin in gama rubuta amsa, wasu uku sun ce su ma nan ne suke ɓata. Ashe shekara da shekaru suna ɗauke da wannan tambaya, kunya ta hana su ɗaga hannu. Daren nan ban ƙara sabon darasi ba, muka yi ta juya tambayarta har kowa ya tura aikinsa na duba.

Da damina ta faɗi aka shiga shukar gero da dawa, samari suka riƙa zuwa a gajiye, amma zauren bai mutu ba. Abin da ke damuna har yau shi ne waɗanda babu babbar waya a gidansu. Sai dai maƙwabci ya kwafa musu a littafi.

Ranar 17 ga Agusta aka fara jarrabawar. Ni kuwa tun da muka koma gaban allo, nake ajiye kwali a bakin ƙofar aji. Mai jin nauyin magana ya rubuta tambayarsa ya jefa, da ita nake buɗe darasin gobe.