Ƙarar Inji Tun Daga Harsashin Gini Ake Maganinta

Duk wanda ya zauna a Barade, cikin ƙwaryar Jalingo, ya san yadda unguwa take canza murya da zarar an ɗauke wuta. Janaretan mai cajin waya ya tashi, na mai aski ya amsa masa, can gaba mai walda ya tayar da nasa na dizal. Mutane sun ɗauki wannan a matsayin ƙaddarar zaman gari. Ni kuwa abin da na gani da idona ya nuna mini cewa yawancin wahalar daga yadda muke gini take, kuma tana da magani mai araha.

Na yi haya a wani gida da ya haɗa katanga da shagon markaɗe. Ɗakin mahaifiyata ne ke jikin katangar. Da an idar da sallar asuba yara za su jera bokitan wake da gero, injin ya kama aiki. Ko an rufe taga ba a tsira ba, domin ƙarar ta cikin bango take zuwa. Kofin silba da ke kan murfin randa yakan yi ta kaɗawa har ya gangaro bakin murfin, ƙura tana zubowa daga silin, tsaga kuma ta fito daga kusurwar taga tana yin ƙasa. Tsohuwar da ta saba komawa barci bayan lazimi ta daina samu, ciwon kai ya zame mata abokin hantsi.

Da na sami mai injin, bai yi mini rashin kunya ba. Ya ce, "Malam, a nan nake ci da iyalina, kuma matan gidajenku ne ke aiko da markaɗen." Gaskiya ya faɗa. Muka kai maganar gaban mai unguwa, shi kuma ya sa aka kira wani dattijon magini. Dattijon ya sa a tayar da injin, ya ɗora tafin hannunsa a bangonmu, ya koma ya duƙa yana duba ƙafafun injin. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, injin ba shi da laifi, zaman da aka yi masa ne." Ashe an ɗaure shi da ƙusoshi a kan daɓen da ya haɗe da harsashin katangarmu, salansar kuma bakinta na fuskantar tagarmu.

Aikin da ya bayar bai fi ƙarfin talaka ba. Aka ja injin nesa da katanga, aka zuba masa nasa dandamalin kankare mai kauri, aka bar rata tsakaninsa da sauran daɓen aka cika ta da yashi. Aka yanka tsohuwar tayar mota aka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Aka ƙara wa salansa bututu ta fita ta sama, aka toshe ramukan da ke tsakanin kan katanga da kwano. Mu da mai injin muka raba kuɗin. Ƙarar ba ta ɓace ba, amma kofin ya daina rawa, tsohuwa ta koma barcinta.

Daga baya na gane hikimar dattijon. Ƙara hanya biyu take bi. Wadda ke tafiya a iska, nauyin bango da toshe kafofi ne ke tare ta. Shi ya sa ɗakin ƙasa mai kaurin bango, da zaure a gabansa, ya fi ɗakin bulo inci shida mai rami da kwano ba silin natsuwa. Wadda ke bin ƙasa da bango kuwa, duk kaurin katanga ba ya hana ta, sai an raba injin da ginin. Tazara ma tana aiki: a fili, duk ninka nisa da ka yi daga inji ƙararsa kan ragu da kimanin desibel 6 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma ragin desibel 10 kunne kan ji shi kamar an rage rabi. Sai dai a kiyaye, kada neman shiru ya sa a kulle janareta a ɗaki ko a lungun da ba iska, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Doka tana nan. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009. A unguwar zama zalla, iyaka ita ce desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗe da kasuwanci da ƙananan sana'o'i, 60 da rana, 50 da dare. Ƙaramin janaretan fetur kuwa yakan haura 70 idan kana kusa da shi. Amma wannan doka sai an riga an cutu take aiki, kuma wa zai ɗauko na'urar awo ya kai ƙarar maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci? Wurin da ya dace a tare matsalar shi ne teburin amincewa da zanen gini. Dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a yi gini ko a canza amfaninsa. Idan mai gida zai fasa ɗakin waje ya mayar da shi shagon niƙa, tambaya uku ta isa: a ina injin zai zauna, a kan me, kuma ina salansa za ta fuskanta?

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Ibn al-Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14 da alƙalan Malikiyya kan tura ya duba rigimar maƙwabta, ya bayyana yadda ake gwada maniƙar da dabba ke juyawa: a rataye takarda da zare a jikin ɗakin maƙwabci, a zuba busassun ƙwayoyin tsaba a kanta, a tayar da maniƙar. Idan ƙwayoyin suka motsa, cutarwa ta tabbata. Abin da dattijonmu ya yi da tafin hannunsa ke nan.

Ƙarar jirgin sama ma tun daga tsari ake tare ta. Ba ta dame mu a Barade ba, tunda filin jirgin Danbaba Suntai yana wajen gari kuma jirage ba su da yawa. Amma Jalingo tana faɗaɗa tun da ta zama babban birnin Taraba a 1991. Filin jirgin Kano ma da a gefen gari yake. Yau mutanen Kurna da Gwammaja sun san yadda hira ke tsayawa har jirgi ya wuce. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta sa tsara amfani da filayen da ke kewaye da filin jirgi cikin manyan hanyoyin rage ƙara, domin jirgi ba a sa masa taya a ƙafa, kuma ƙararsa ta rufi take sauka. Maganinsa shi ne kada a yanka fulotan gidaje, makarantu da asibitoci a ƙarƙashin hanyar tashi da saukarsa, kuma yanzu ne Jalingo ke da wannan dama, kafin fegi ya zama gida.

Ina roƙon masu duba zanen gini a jihar nan su sa gurbin inji cikin abin da suke tambaya, masu unguwanni kuma su riƙa kiran magini kafin a ɗaure injin. Kai kuma mai shirin sayen janareta ko buɗe shagon niƙa, kafin ka zuba kankare, shiga ɗakin maƙwabcinka ka ga wanda ke kwana a jikin katangar.