Kyanwa Bisa Mota: Kiyaye Dukiya Ba Tare da Zalunci Ba



Wata asuba cikin ɗari na fito zan tafi masallaci, sai na iske kyanwa kwance bisa murfin injin motata, ta kakkarce fentin da farcenta. Raina ya ɓaci. Wani maƙwabci ya ce in sa mata guba, har zuciyata ta fara karkata. Sai na tuna hadisin Buhari da Muslim game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta. Nan take na yi istigfari.

Ka sani, ya ɗan'uwa, ɗumin inji ne ya jawo ta tun dare. Kiyaye dukiya wajibi ne, cutar da dabba kuwa haramun ne. To, ka lulluɓe motarka da tamfol. Ka watsa ɓawon lemu kewaye da ita, domin kyanwa ba ta son ƙanshinsa. Ka nisantar da ragowar abinci, ka aje mata kwali a wani lungu. Kafin ka tada mota, ka bubbuga murfin, wataƙila tana ciki.

Fenti ana sake shi, amma haƙƙin mai rai yana jiranka ranar hisabi.

Allah Ya sa mu dace.