Zanen Bayan Mota da Lambun Samaru

Ana tsakiyar kaka na sauka Funtuwa, hazon hunturu ya fara rufe kan duwatsun garin, buhunan masara da na waken suya sun cika bakin titi har sai mai tafiya a ƙasa ya riƙa ratsewa. Wata hidima ce dabam ta kawo ni, amma abin da ya tsayar da ni a ranar farko wata gingimari ce mai bodin katako da 'yan dako ke yi wa lodi. Na zagaya ta bayanta don in wuce, sai na kasa wucewa.

An raba ƙyauren bayan motar gida uku. A tsakiya zaki ne tsaye kan wani koren tudu, gezarsa ja wur, ya juyo da kai yana kallon duk direban da ya biyo shi. Idanunsa ba na dabba ba ne, idanun mutum ne, mutumin da ya sha wuya bai rusuna ba. A dama ga koriyar ƙubbar Masallacin Annabi na Madina, a hagu ɗawisu ya baza wutsiya, kowane gashi da ɗigon fari a tsakiyarsa. An kewaye duka da dagi, sarƙe cikin sarƙe, ba inda layi ya tsinke. Can ƙasa, wajen da taɓo ke fantsama, an rubuta “Mahaƙurci mawadaci” da rawaya, aka bi gefen kowane harafi da baƙi har ya zama kamar ya taso daga jikin katakon.

“Sannu da aiki, direba.”

“Yauwa Malam, sannu da zuwa. Zakin ne ya kama ka?”

Shi ne kuwa. Na tambaye shi mai aikin, ya kwatanta mini wata rumfa kusa da garejin masu gyaran manyan motoci. Ya ce ba sai na riƙe suna ba, in ce atis kawai, yara za su kai ni. Ya ƙara da wata magana da ta zauna mini: su direbobi daga nesa suke gane hannun mai zane, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a cikin garke.

Funtuwa gari ne na hatsi da auduga da mota. Nan hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari suka haɗu, nan layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ya nufi Ƙauran Namoda, kuma har yau ana kiran wata unguwa Bisije saboda kamfanin gurzar audugar Turawa da ya zauna a wurin. Wanda ya zo neman zauren baje kolin zane irin na Legas ko Abuja, mai farin bango da fitilu da ɗan kati a ƙarƙashin kowane hoto, zai gaji da yawo. Amma wanda ya tsaya awa guda a bakin titi ranar da ake fitar da kaya zai ga zane ya fi ɗari ya wuce ta gabansa, ba tikiti, ba mai gadi. Masu ilimin fasaha suna ta muhawara kan yadda za a fito da zanen zamani daga ɗaki a kai shi inda jama'a suke. A nan bai taɓa shiga ɗakin ba.

Na sami atis ɗin zaune kan benci, dattijo ne mai furfura a gemu, rigarsa ta ɗauki kowane launi da ya taɓa aiki da shi. Kayan aikinsa ba su cika kwali ɗaya ba: gwangwanayen madara da ya mayar mazubin fenti, buroshi huɗu ko biyar, kwalbar kananzir ta wanke su, alli, reza, da wani zare. Zaren nan ya fi ba ni sha'awa. Sai ya goga masa alli, yaronsa ya riƙe baki ɗaya shi ya riƙe ɗaya, su ja shi ya yi tauri a jikin allon, ya ɗaga tsakiyarsa da farce ya sake. Fat! Layi ya fito miƙe sak. A kan wannan layin yake ɗora haruffa da hannu, ba ya gogewa, ba ya komawa baya. Ja da shuɗi da rawaya da fari da baƙi kaɗai yake saye, sauran launuka a murfin gwangwani yake haɗa su.

Na ce, “Baba, a wace makaranta aka koyi wannan?”

Ya yi murmushi ya ce a wurin maigidansa, kuma ya daɗe yana wankin buroshi kafin a yarda ya ja layi ɗaya a motar mutane. Daga nan hirar ta juya inda na san za ta juya. Injin buga bana ya cinye musu kasuwa. Mai shago da a da zai kawo allo a rubuta masa, yanzu hoto yake turawa ta waya, kafin la'asar an buga masa a leda. Ɗan siyasa ma haka. Abin da ya rage musu shi ne manyan motoci, da bangon makarantu, da masu son abin da rana ba za ta kashe shi a damina ɗaya ba. Bai faɗi wannan da ɗaci ba, amma na lura yaro ɗaya ne kawai a rumfar, kuma benci na mutum huɗu ne.

Washegari na kama hanyar Malumfashi ta Bakori. Gonaki hagu da dama, an yanke dawa an jingina karan, audugar da ta rage tana fari-fari a jikin itacenta. Direbanmu yana sauri don ya juyo da rana, domin matsalar tsaro ta koya wa mutanen wannan yanki, musamman ta wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kada dare ya same su a hanya. Ko a hakan idona na kan bayan motoci. Hoton Shehu Ibrahim Inyass ya fi kowanne yawa, a jikin motar kanta da tirela da keke-napep, wanda Katsinawa ke ce wa kurkura. Sai mikiya ta kama maciji, sai furanni, sai jirgin sama ya nufi alƙibla.

Malumfashi, garin Galadiman Katsina, ta fi Funtuwa natsuwa, zanenta ma haka. Allon mai aski da kawuna shida, kowanne da irin askinsa. Bangon wata Islamiyya da aka jera haruffan Larabci cikin launuka. Masu ɗinkin hula a gindin bishiya suna bin zanen da wani ya fitar musu da biro a kan farin ƙyalle. A wani zaure aka nuna mini allon zayyana na yaron da ya sauke Alƙur'ani, an cika shi da murabba'ai ja da kore da ruwan ɗorawa, an auna kowane gida daidai ba tare da rula ba. In da an rataye shi a farin bango a wani babban birni, da an taru a kansa. Ƙasar Maska, wadda Funtuwa ke cikinta, ta yi suna da saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, saboda haka ido da hannu ba baƙi ba ne a nan.

A rana ta uku na nufi Zariya daga Funtuwa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Bayan Giwa da Shika sai Samaru, kuma titin da gingimarin nan mai zaki ke bi da masararta, shi ne ya wuce ta ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Kowane manomin kirki a Funtuwa da Malumfashi ya san Samaru. Ya san ta da iri, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke can ita ta fitar da irin audugar Samcot da masarar Sammaz da yake shukawa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin harabar jami'ar akwai makarantar da ta sauya tarihin zane a Najeriya baki ɗaya.

A 1955 aka kawo sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman galibi Turawan Ingila ne, kuma abin da suka sani shi suke koyarwa, wato zane irin na makarantun Landan. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiya mai suna Zaria Art Society, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Daga baya aka riƙa ce musu 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu na tunani ne. Suka ce za su karɓi dabarar Bature, fentinsa da takardarsa da ma'auninsa, amma abin da za su zana da yadda za su ja layi daga gida zai fito. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Nwoko ya duƙufa kan sassaƙen yumɓu na Nok. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma ga inda abin ya kai: a 2023 an ba Demas Nwoko lambar Zakin Zinariya ta bikin gine-gine na Venice a Italiya, kuma a Oktoban 2025 gidan Tate Modern na Landan ya buɗe babban baje kolin zanen zamani na Najeriya, ayyukan 'yan Zariya na cikin ginshiƙansa.

Kusa da sashen akwai lambun sassaƙa, fili ne a buɗe ƙarƙashin itatuwa inda ayyukan ɗalibai na shekaru masu yawa suke tsaye. Wasu na siminti ne da aka ɗora kan rodi, wasu na tarkacen ƙarfe ne da aka haɗa da walda, wasu siffar mutum ko dabba, wasu kuma ba su yi kama da komai ba sai ka zagaya su sau biyu. Na daɗe a gaban wani da aka ƙera da ɓaraguzan mota. Na gane sarƙar babur, na gane faifan kuloci, na gane guntun sifirin. Tsatsa ta ba shi launin jar ƙasa, ƙadangare na shan hantsi a kafaɗarsa. Duk kayan nan akwai su zube a garejin da na baro a Funtuwa, kuma masu waldar can ba su gaza wannan ɗalibi iya riƙe wuta ba. Bambancin shi ne an ce wa ɗaya abin da ya yi fasaha ne, ɗayan ba wanda ya taɓa gaya masa.

Na san abin da zai zo zuciyar mai karatu, domin ya zo tawa. Mutanenmu suna ƙyamar mutum-mutumi saboda addini, kuma wannan ba abin da za a yi wa gatsali ba ne. Sai dai fasahar zane ta fi sassaƙa siffa faɗi nesa ba kusa ba. A birnin Zazzau ɗin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19, da bakan gizo da zanen bango da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo, ba siffar mai rai ko ɗaya. David Heathcote, wanda ya koyar a wannan jami'a, ya tattara rigunan aska takwas da huluna da kayan fata da alluna ya kai su Landan a 1976, aka yi baje koli sukutum kan fasahar Hausawa. Shi ne kuma ya yi rubutu kan Musa Yola, mai zanen bangon gidaje, ya ɗauke shi da daraja irin wadda ake ba duk wani mai zane. A jami'ar ma akwai sashen da ke koyar da zanen tufafi da tukwane da tsara hoto. Malamai irin su marigayi Gani Odutokun, wanda haɗarin mota ya ɗauke a 1995, da Jerry Buhari da Mu'azu Sani sun yaye ɗalibai masu yawa a nan, kuma aikin wasunsu launi ne da layi zalla.

Abin da ya dame ni a hanyar komawa shi ne wannan. Waɗancan samari na 1958 'yan asalin wurare ne irin su Legas da ƙasar Ibo da yankin Neja Delta, amma suka zo Zariya. Babu ɗan ƙasar Katsina ko ɗaya a cikinsu. Yau kuma yaron da ke cika bayan littafinsa da zanen motoci a wata firamare ta Bakori ko Kafur ko Ɗanja, wanda ake yi wa faɗa yana ɓata takarda, bai san cewa tafiyar safiya ɗaya ce tsakaninsa da inda ake ba da digiri a kan abin da hannunsa ke so ba. Shi ma ɗalibin Samaru da ke karanta tarihin masu zanen Faransa, gingimari mai zaki tana wucewa ta ƙofar makarantarsu kullum, da wuya ya bi ta ya ga rumfar da ta fito.

Gyaran wannan ba ya buƙatar sabon gini. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fagen shiga jami'a a cikin Funtuwa, da ɗakuna da fili. Ina roƙon sashen zane na Samaru da shugabannin ƙananan hukumomin Funtuwa da Malumfashi da masu riƙe da sarautun yankin su haɗa hannu, ko sau ɗaya a shekara bayan an gama kaka, a ɗauko ayyukan ɗalibai a kawo. A jera su tare da ƙyauren mota na atis, da allon zayyana, da hular da aka gama jiya, da aikin masu walda, kowanne a rubuta sunan mai shi a ƙasa da Hausa. A gayyato 'yan firamare da 'yan Islamiyya aji-aji, a bar ƙofa a buɗe ranar kasuwa. Ku kuma malaman makaranta da iyaye, in kun ga yaro yana zane a bayan littafi, kada ku tsaya jiran wannan rana. Ku saya masa fensir da takarda, ku sa shi a mota ku kai shi Samaru ya gani da idonsa.